Ɓuntun Malam Ummaru da Ragunan Alhaji Nasidi

Akwai wani mutum da ake kira Malam Ummaru, wanda aka ɗaure a jikin tsamiya ranar Talata, bakwai ga watan Mayu na shekarar 2024, da ƙarfe tara saura na safe, a ƙauyen Tungar Marka ta ƙasar Maradun. Mutum goma sha bakwai suka taru suka dake shi. Sun karya masa hannun dama gida biyu, sun fasa masa kai, sun zubar masa da haƙora uku.

Laifinsa shi ne ya jera buhunan ɓuntun shinkafa a cikin kwata.

Ku karanta a tsanake, kada ku tsallake layi.

Malam Ummaru ya yi shekara ashirin da shida yana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare. Ba malamin aji ba ne. Shi ne mai wanke kwalabe, mai auna sinadarai, mai rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba kafin ya ajiye ta. Da ya yi ritaya sai ya koma garinsu tare da matarsa Fatimatu. Gidansu ne na ƙarshe kafin tafkin da dabbobin garin suke sha, mata suke wanki, wasu ma suke ɗiba idan rijiyoyi sun ja baya.

A kan tudun da ke saman tafkin, wani attajiri mai suna Alhaji Nasidi ya kafa wurin wankin zinari. Ana kawo duwatsu daga daji, inji ya niƙe su su zama gari, a wanke garin da ruwa a tsince zinarin. Ruwan da ya rage, ja mai kauri kamar kunu, sai a sake shi ta kwata ya gangara tafki. Irin wannan dutse sau da yawa yana ɗauke da dalma, kuma babu ɗan Zamfara da sai an zaunar da shi an yi masa bayanin abin da gubar dalma take yi.

Wata safiya cikin watan Maris, Malam Ummaru ya tarar da kwaɗi a mace a bakin tafkin, cikinsu a sama. Ya ƙirga arba'in da ɗaya ya daina. Bai koma gida ba, ya hau tudu.

Ya iske Alhaji Nasidi a kan kujerar roba ƙarƙashin rumfa, inji yana ruri a bayansa. Suka gaisa, aka tambayi kwana da gajiya da iyali da zafin rana har aka gama.

Malam Ummaru ya ce, "Alhaji, ruwanga da kake saki shina kashe tabki."

"Ruwa na kashe ruwa? Yau kuma wace sabuwa, Malam?"

"Dalma ce ciki. Ban zo in ce ka rufe wurin ba, mutane na cin abinci nan. Izini nike so in jera buhunan ɓuntu cikin kwata. Ɓuntu da ɓawon gyaɗa da gawayi, in ruwa ya ratsa su sannu a hankali, suna kama dalmar su riƙe ta. Ba su kwashe ta duka, amma suna rage ta ƙwarai."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ɗaga murya ya kira ma'aikatansa.

"Ku zo ku ji! Ashe maganin guba na nan jibge bola, bayan injin casar shinkafa na Mafara, mu ba mu sani ba. Ɓuntu, Malam? Abin da nike niƙawa in haɗa ma raguna da dusa don ta yi auki? Je ka sa. Sa har da ƙaiƙayi in kana so, Likitan Ɓuntu."

Sunan ya bi shi daga ranar.

Bai kula ba. Ya riƙa zuwa Talata Mafara yana kwaso ɓuntu daga wurin masu casa, waɗanda har godiya suke yi masa don ya rage musu juji. Ya wanke, ya shanya, ya gauraya da ɓawon gyaɗar da Fatimatu ta daka masa. Wani ɓuntun kuma ya ƙona shi a rufaffen duro ya zama gawayi.

Fatimatu ta ce, "Malam, na auri ma'aikacin gwamnati, na ƙare da dakan ɓawo. Turminga dai ka saya min wani."

"In kwaɗi sunka dawo zan saya miki biyu."

Buhu goma sha biyu ya jera a kwatar, tara na ɓuntu a gaba, uku na gawayi a ƙarshe. Kowane buhu ya rubuta masa kwanan wata da jan fenti. Duk mako biyu sai ya sa safar hannu, ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya ciro tsofaffin ya sa sababbi. Tsofaffin kuwa ya kai su wani rami da ya haƙa nesa da ruwa, ya shafe cikinsa da yumɓu, ya binne. Ya san buhun da ya yi mako biyu yana shan wannan ruwa ya tashi daga ɓuntu, ya zama ma'ajiyar guba.

Kafin mako shida ruwan da ke fita bayan buhu na ƙarshe ya yi haske. Ya ɗiba a kwalba biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, ya kai wa wani tsohon ɗalibinsu mai aikin gwaji, aka tabbatar masa dalmar ta ragu sosai. Kwaɗi suka dawo suna kuka. Ya sayo turmi biyu.

Sai Alhaji Nasidi ya ƙaro injuna biyu.

Ruwa ya ninka. Buhunan ba sa barin ya wuce da gudu, sai ya fara komawa baya yana kwanciya a rumfar Alhaji, har ya ɓata masa takalmi. Bai aika a kira Malam Ummaru a yi shawara ba. Ya sa ma'aikatansa suka haƙa wata kwatar ta bayan rumfa, ta bi cikin wani kwazazzabo da geza ta rufe, ta faɗa yammacin tafkin, daidai inda shanu suke sha. Babu wanda ya gaya wa Malam Ummaru.

A wannan gefe ne wani makiyayi mai suna Tukur yake shayar da shanunsa. Shekara talatin yana zaune da iyalinsa a bayan garin ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Cikin mako guda shanunsa huɗu suka mutu, har da wata farar saniya da ya gada daga mahaifinsa. Sai su makance, su riƙa cizon haƙora, su kafa kai a jikin itace, daga nan su faɗi suna shure-shure, kumfa na fita a baki.

Ranar Talatar nan da safe Tukur ya hau tudu da wasu mutane. Mai gari da liman da yawancin dattawa sun riga sun yi sammakon cin kasuwar Mafara, babu babba a garin. Abin da Alhaji ya gaya musu, Tukur ne da bakinsa ya maimaita shi daga baya.

Alhaji ya ce, "Shekara guda ina wanki nan, saniyar wa ta mutu? Sai da wanga mutum ya fara nutsa buhuna cikin ruwa. Kun taɓa ganin mai ɗaukar ɓuntu da safar hannu? Mi yake rufe ma hanci? Mi yake zuwa daji shina binnewa, da jan rubutu a jiki? Ku tafi ku tambaye shi."

Malam Ummaru yana cikin kwata, ruwa har gwiwa, yana jan wani buhu, ya ji takun ƙafafu. Ya ɗaga kai ya ga mutane sun cika gaɓar, kowa da sanda, ma'aikatan injin da manoma da makiyaya. Tukur ne a gaba, idanunsa jawur.

"Lahiya, Tukur?"

"Tambaya guda, Malam. Akwai guba cikin buhunanga ko babu?"

Da ya ce babu, wataƙila da sun tsaya an yi magana. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da shida bai taɓa rubuta sunan ƙarya a jikin kwalba ba, bakinsa bai iya ba.

Ya ce, "Akwai. Amma daga cikin ruwan ta..."

Sandar farko a bakinsa ta sauka.

Suka jawo shi daga kwatar ta ƙafa, bayansa yana gurzar tsakuwa, har gindin tsamiyar da ke bakin hanya. Suka ɗaure shi da igiyar shanu. Ya zaro hannun dama ya kare kansa, Tukur ya ɗaga gora da hannu biyu ya sauke a kai. Malam Ummaru ya ji ƙarar karyewar kafin ya ji zafin. Aka ƙara masa a wurin. Wani ya ƙwala masa ƙotar fartanya a ka, jini ya rufe masa ido ɗaya. Wani ya yanka buhun gawayi da adda, baƙin gari ya zubo.

"Ga ta nan! Baƙa ƙirin!"

Suka damƙo gawayin da laka suka cusa masa a baki, suka shafe masa fuska, suna cewa ya ci abinsa. Yana tari, yana tofar da jini da haƙora. Sai wani ma'aikacin injin mai suna Ɗanasabe ya ruga tudu ya dawo da jarkar fetur.

A lokacin ne Fatimatu ta iso, babu takalmi, babu mayafi. Ta ratsa su ta rungume mijinta tare da itacen.

"Wanda za ya zuba ya zuba har da ni!"

Ta waiwayo tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

"Kai Ɗanasabe, ni na yi ma uwarka wankan jego da anka haife ka. Zuba mana, hannunka na rawa? Kai Yasir, wa ya cika maka takardar shiga makaranta? Tukur, kai ma? Kai da ke kawo muna nono har gida?"

Duk wanda ta ambaci sunansa sai ya sunkuyar da kai. Ɗanasabe ya ajiye jarkar. Aka ce to, an bar shi da ransa, amma kada rana ta faɗi yana garin.

Suna kwance igiyar ya sulale ƙasa. Fatimatu ta ga bakinsa yana motsi ta kai kunne, ta ɗauka kalmar shahada yake yi. Cewa yake, "Buhunan... a binne su... kada dabba ta taɓa."

Sai ga akori-kurar Alhaji Nasidi ta gangaro. Ya sa aka loda buhunan ɓuntun guda tara, ya ce zai kai wa hukuma su zama shaida. Babu hukumar da ya kai wa.

Aka kai Malam Ummaru asibitin Bakura aka ɗinke masa kai, daga nan aka wuce da shi Dakko, gidan yayan Fatimatu, mai ɗori ya ɗora hannun. Amma labari ya riga shi isa. Mai guba ya zo. In an kawo abinci sai a zuba masa nasa daban. Ranar da ya fara iya zuwa masallaci, mutumin da ke damansa ya matsa, na hagunsa ma ya matsa, ya yi salla a tsakiyar sahu shi kaɗai. Ya dawo gida. Wannan ya fi masa karayar ciwo.

A kwana na goma ya kira matarsa.

"Ki koma Tunga ki gaya ma Alhaji ya binne buhunan nan."

"Mutumin da ya sa anka karya ka? Wallahi ƙafata ba ta taka gidan nan."

"Ba don shi ba. Gidan akwai yara, akwai bisashe."

Ta yi kwana biyu tana fushi, a na uku ta tafi. Tana shiga tsakar gidan Alhaji ta ga an baje ɓuntun a kan tamfol ana shanyawa, buhunan kuma an rataye su a kan danga. Ta isar da saƙo. Alhaji ya duba dama da hagu, ya ga babu kowa kusa, ya yi murmushi.

"Fatimatu, bar wahal da kanki. Ɓuntu ne, ni da ke mun sani. Ɓuntu ba ya shan komi sai ruwa, in ya bushe ya koma yadda yake. Ki gai da Likita."

Ta dawo ta faɗa wa mijinta. Ya sa aka kira masa mai garin Tunga a waya, ya yi masa bayani dalla-dalla. Mai gari ya ce a yi haƙuri, a bari ƙura ta lafa tukuna. Malam Ummaru ya juya fuskarsa bango.

Ranar Alhamis, shida ga watan Yuni, saura kwana goma Babbar Sallah, bayan azahar, babur ya tsaya a ƙofar gidan. Fatimatu ta leƙa, ta koma da gudu ta ɗauko taɓarya. Tukur ne. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a rana, ya ajiye wani tsohon buhu a gabansa.

"Ka zo ka karya ɗayan?" in ji Fatimatu.

"In kin buga min taɓaryar nan, Inna, ba ni kaucewa. Amma ki bari in yi magana da Malam."

Malam Ummaru ya fito zaure, hannunsa a rataye a wuya. Ya zauna. Ya gai da Tukur gaisuwa cikakkiya, har ya tambayi shanu. Tukur ya tura buhun gaba. A jikinsa akwai jan rubutu: 23 ga Afrilu.

Tukur ya ce, "Malam, tun da ka bar gari shanu ba su daina mutuwa ba. Biyu sun ƙaru, da jakin Yasir. Na rasa gane kaina. To yau da safe Alhaji ya aiko min, wai in zo in duba ragunan da yake kiwo na layya, ashirin da uku. Na iske tara sun tafi. Sauran sun makance, suna cizon haƙora, sun kafa kai ga bango. Irin mutuwar farar saniyata, ba bambanci. Na sa hannu cikin komin da suke ci, na ji dusa da ɓuntu. Na ɗaga kai na ga wanga buhu bisa danga. Ban iya karatun boko ba, Malam, amma na san jan rubutun da munka ɗaure ka saboda shi."

Ya share fuska da bakin rawaninsa.

"Na ce, Alhaji, ka ce muna guba ce ciki. Kai kuma ka niƙa ka ba ragunanka? Ya ce, haba Tukur, wace guba, ai ɓuntu ne kawai. Gaban ma'aikatansa ya faɗa. Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce. Na fita na bi bayan rumfa, na kutsa cikin geza, na iske wata kwata da ba buhu ko guda cikinta, tana zuba daidai inda nike shayarwa."

Ga shi a fili: da Alhaji ya yarda akwai guba a buhunan da bai ba dabbobinsa ba, ke nan ya san ƙarya yake yi ranar da ya tura mutane kan Malam Ummaru. Kuma da babu dalma a ruwansa da ɓuntun bai kwaso abin da zai kashe rago ba.

Tukur ya ce, "An kama shi. Shina gindin tsamiya. Na ce kar wanda ya taɓa shi sai na kawo ka. Sandar farko taka ce."

Malam Ummaru ya tambaya, "Ragunan da sunka mutu suna ina?"

"Biyar na yashe garke. Huɗu an samu an yanka kafin su cika, an feɗe, wai a kai ma mahauta."

Malam Ummaru ya dafa bango ya miƙe. "Kai ni."

Fatimatu ta sha gabansa. "Malam, ka zauna. Ka bari su ɗanɗana mai abin da ka ɗanɗana."

"Naman nan in ya fita gari, ke kin san tukunyar da za ya shiga?"

Ta kauce. Ya hau bayan babur ɗin mutumin da ya karya masa hannu, ya riƙe shi da na hagu.

Sun iso bayan la'asar. Jama'ar ba su jira kamar yadda aka ce ba. Alhaji Nasidi yana ɗaure a jikin tsamiyar da igiyar nan dai, babbar rigarsa a yage, hancinsa yana zubar da jini, ido ɗaya a kumbure. An farfasa gilasan akori-kurarsa. Jarkar fetur tana hannun Ɗanasabe, a buɗe. Da suka ga Malam Ummaru sai ihu ya tashi, aka dare aka ba shi hanya. Tukur ya miƙa masa gorarsa.

Ya karɓa da hagu. Ya tsaya gaban Alhaji.

Kada wani ya ce muku bai ji komai ba. Hannunsa yana zogi daga girgizar hanya. Harshensa ya taɓa gurbin haƙoransa. Ya tuna sahun nan da aka bar shi shi kaɗai. Gorar ta ɗaga har kusa da kafaɗarsa, kowa ya gani.

Alhaji ya ce, "Malam... don Allah, don Annabi..."

Malam Ummaru ya juya wa tsamiyar baya ya fuskanci jama'a.

"Wata guda da ya wuce kun ji magana guda kunka ɗaure ni. Yau kun ji magana guda kunka ɗaure shi. Yau kun dace da gaskiya, amma ba bincikenku ya kai ku ba, raguna sunka yi muku. In kunka ƙone shi, dalmar ta fita daga tabki? Ɗanasabe, rufe jarkar nan."

Ɗanasabe ya rufe.

"Duk wanda ya ɗaga min sanda ran nan, ya aje ta ya ɗauko diga ko shebur. Na san ku. Ku goma sha bakwai ne."

Ya wuce gaba suka bi shi, har inda yake binne tsofaffin buhuna. Da gorar Tukur ya zana musu iyakar ramin a ƙasa. Suka haƙa har ya shanye tsawon mutum, suka shafe shi da yumɓu. Aka jawo mushen ragunan, aka kawo naman da aka feɗe ba a bar ko tsoka ba, aka kwaso dusar da komin da tamfol da buhunan, aka zuba aka rufe. Ragowar ragunan aka killace su aka aika a kira malamin dabbobi. Wasu suka tafi suka toshe kwatar bayan rumfa da duwatsu. Kafin magariba an gama. Malam Ummaru da kansa ya koma ya sa aka kwance Alhaji, ya raka shi har ƙofar mai gari don kada wani ya jefe shi a hanya.

Yau buhu talatin ne a kwatar, kuma an gina wani kududdufi da ruwan yake kwanciya a ciki kafin ya kai gare su. Tukur ne yake canja su, da safar hannu, da ƙyalle a hanci, domin hannun Malam Ummaru bai ƙara ɗaga ko buta ba. Ƙashin ya haɗe a karkace. Kwanan watan da ke jikin buhunan har yanzu shi yake rubutawa, da hagu, kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

Na yi aiki da mutumin nan shekara goma sha tara a makaranta guda, kuma ban rubuta wannan don a yaba masa a wuce ba. Cikin mutum goma sha bakwai, Tukur kaɗai ya miƙe bayan sallar Juma'a ya ce ya zalunci Malam Ummaru, ya nemi gafara kowa yana ji. Sauran sha shida sai gaisuwar sunkuyar da kai a kan hanya. Alhaji Nasidi, wanda yake numfashi yau saboda mutumin da ya sa aka karya, buhun shinkafa ya aika da direba, aka mayar masa da abinsa. Mai gari har yanzu yana jiran ƙura ta lafa. A Dakko da Bakura kuwa, inda labarin dukan ya isa amma labarin ragunan bai isa ba, akwai masu nuna shi da baki suna cewa ga mai guba nan.

Malam Ummaru ya ce ya yafe. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Sunansa kuwa a gaban jama'a aka ɓata shi, kuma a gaban jama'a za a wanke shi. Ina kira ga Alhaji Nasidi ya fito gindin tsamiyar nan da rana tsaka, da mutanen nan sha shida a bayansa, da mai gari a gefe, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi, ya ba Malam Ummaru da Fatimatu haƙuri. Sannan ya je masallacin Dakko, ya tsaya a sahun da aka bar bawan Allah shi kaɗai, ya maimaita. Ba da direba ba, ba ta waya ba.

Darasi: Kada ka ɗaga hannu a kan mutum saboda maganar wanda yake da abin ɓoyewa, ka bari wanda ake zargi ya ƙarasa maganarsa. Kada ka raina ilimi don ya zo maka a cikin buhun ɓuntu, domin abin da ka raina yana iya komowa garkenka. Kuma wanda ka zalunta a bainar jama'a, a bainar jama'a ake ba shi haƙuri. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai daga Maradun har Bakura da Mafara, har ya shiga wayar Alhaji Nasidi, ya fito ya ba da haƙuri.